Wutsiyar Linkina Ce Ta Tona Ni

Jama'a, ku gyara zama, amma don Allah kar kowa ya yi saurin zagina sai ya kai ƙarshe. In ya kai ƙarshen ya zage ni ma ba zan ji haushi ba, don ni kaina tun ranar Laraba nake zagin kaina.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, a gida Auta ake ce mini, a waya kuma Admin. Sana'ata tallan kayan wani kamfani ne mai shago a intanet. Ba na ajiye kaya, ba na kai kaya. Kowannenmu an ba shi linkinsa, duk wanda ya danna naka ya sayi abu, kamfani ya ba ka kamasho. A ƙarshen kowane linki akwai 'yan haruffa da lambobi da ke nuna ko na waye, mu wutsiya muke ce musu. Ku riƙe wutsiyar nan a ranku, ita ce ta jawo mini komai.

Ni ke riƙe da guruf ɗin masu tallan ɓangarenmu, mutum ɗari uku da ɗoriya. Da farko kamar kasuwa, kowa na kawo dabara, kowa na tambaya. Daga baya sai ya mutu murus. In na tashi da safe na rubuta "Barkanmu da safiya 'yan kasuwa, yau me muke tallatawa?" sai dai in ga an karanta an wuce. Mutum biyu ne za su ɗaga mini babban yatsa, ɗayan ma ni ce da ɗaya layin nawa.

Madam, wadda ke samanmu a kamfanin, ta kira ni ina tsaka da guga.

"Admin, wai guruf kike riƙewa ko maƙabarta?"

"Madam, mutanen ne sai a hankali..."

"Ni ba na son a hankali. Inda ake hira nan ake danna linki. In wata ya ƙare ban ga motsi ba, zan ba wata, kar ki ce ban gaya miki ba."

Da na ajiye wayar har rigar Abba na kusa ƙonawa. A nan ne na ƙirƙiro Tambayar Laraba. Duk mai damuwa ya turo mini a ɓoye, ni kuma in saka a guruf ba suna, a tattauna. Don a samu masu turowa sai na kafa doka: a ƙasan tambaya, maimakon suna, linkin mai tambayar za a saka, duk wanda abin ya taɓa ransa ya yi sayayya ta nan. Kowa ya ce dabara ta yi. Sati biyu aka yi ana kawo tambayoyin sana'a, irin su yaya za ka yi da wanda ya tambayi farashi ya ɓace. Mutum biyar su amsa, a koma barci. A sati na uku ko mutum ɗaya bai turo ba.

To bari in ajiye guruf in gaya muku zancen Kwastoma, don a kansa komai ya faɗa.

Haka na ajiye lambarsa tun farko, Kwastoma, har yau ban canza ba. Butar dafa ruwa ta lantarki ya fara saya ta linkina, ya rubuto yana godiya wai tana da kyau. Bayan sati ya sayi dutsen guga. Sai wata butar. Da ya sayi ta uku na kasa haƙuri na rubuta masa, "Malam, wai shayi kake sayarwa?" Ya ce, "A'a, firiji nake gyarawa. Amma ruwan zafi ba ya yawa." Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki har Umma ta leƙo.

Wata da watanni muna rubutu, bai taɓa kirana ba. In na kira ba ya ɗauka, sai ya biyo da saƙo. Har na fara zargin ko yana da mata a gefe. Ranar da firijinmu ya lalace na raka firijin shagonsa da kaina, wai don in tabbatar an gyara da kyau, alhali mai gyaran nake son gani. Shago ne ɗan ƙarami, firiji a jere bakinsu a buɗe, bututun jan ƙarfe a rataye a ƙusa, butocina uku suna kan kanta, biyu ko daga kwali ba a fitar da su ba. Ya miƙe yana goge hannu da tsumma, dogo, rigar aikinsa shuɗiya tsaf da ita. Ya buɗe baki zai amsa sallamata, maganar ta maƙale. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya rufe, sai da ya buga ƙafa a ƙasa sannan kalmar ta fito. I'ina ce da shi, mai ƙarfi.

Kafin in isa gida saƙonsa ya riga ni. "Yanzu kin ji da kunnenki. Tun ina yaro ake kwaikwayona a aji. Ban taɓa tura wa kowa saƙon murya ba, ban kuma taɓa yarda wata ta zo inda za ta ji ni ba sai ke." Na amsa masa da hannuna, ba wanda ya tilasta ni: "Sirrinka yana wurina, kuma ni ban ji komai ba sai mutumin kirki."

Ina sonsa, jama'a. Wannan kam ba na ɓoyewa. Amma ina jin tsoro, kuma gidanmu ba su bar tsoron ya kwanta ba.

Abba ya ce shi ba ya sanin mutum ta waya, duk mai son 'yarsa ya zo ya zauna gabansa su yi magana baki da baki. Aka sa ranar Juma'a da yamma. Tun da aka sa ranar, Yaya, babbar yayata da ke aure a bayan layinmu, ta mayar da gidanmu wurin aikinta. Ranar Laraba da safe ina wanke kofuna ta shigo kicin da mayafinta a kafaɗa, ta jingina da firijin da shi ya gyara.

"Auta, ni fa gaskiya nake gaya miki. Ke da bakinki ba ya shiru, ki ɗauko wanda kafin ya ce miki sannu abinci ya huce? In yaro ya yi zazzaɓi wa zai yi wa likita bayani?"

"Yaya, rubutu fa yana yi."

"Abba zai yi wa rubutun? Ko a taron dangi allo za ki riƙa riƙe masa?"

Umma tana yanka albasa, ba ta ɗago ba ta ce, "Ke bar ta. Ni abin da na sani, Auta, ki tsayar da zuciyarki kafin jibi. Kar ki sa ɗan mutane ya zo ya sha wahala gaban mahaifinki sannan ki ce kin fasa. In kina so ki ce kina so, in ba kya so ki sallame shi da mutunci."

Na koma ɗaki kaina ya yi zafi. Ga Laraba ta yi, ga ba tambaya, ga Madam ta turo alamar agogo ba ko kalma ɗaya. Na zauna a ƙasa na jingina da gado, sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai ga tambaya a hannuna, kuma ba wanda zai san tawa ce. Na rubuta:

"Tambayar Laraba. Wata 'yar'uwa ta turo: Ina da mai sona, mutumin kirki, mai sana'a, amma yana da i'ina sosai, har waya ba ya iya ɗauka. Gida sun ce in yanke shawara cikin satin nan. Don Allah ku gaya mini gaskiya, zan iya zama da shi?"

Niyyata in tura haka ba linki. Amma wanda ya yi sana'ar nan ya san yadda hannu yake sabawa. Sau nawa a rana nake manna linkina a ƙasan rubutu? Yatsana ya yi aikinsa ban ma sani ba, na tura, na kifa wayar.

Kafin in sha ruwa ta fara ƙara. Wallahi tun da aka ba ni guruf ɗin ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutanen da na ɗauka sun sayar da wayoyinsu duk suka fito. Wata ta ce mijinta ma haka yake kuma ba ta taɓa nadama ba. Wani ya ce gara mai i'ina da mai daɗin baki. Wata ta ce a yi tunanin 'ya'ya, wai ana gado. Aka rabu gida biyu, ana ta musu, linkuna na ta yawo a tsakani. Madam ta turo mini alamar wuta uku da ta tafi, ta ce, "Yawwa Admin! Abin da nake nema ke nan."

Kuma na ji daɗi. Ku ji fa, na ji daɗi, har da 'yar rawata a gaban madubi.

Da azahar abin ya canza. Akwai wani mai tallan takalma da ke kiran kansa Oga Kamasho, shi ne ya fara turo saƙon murya yana kwaikwayon yadda mai i'ina zai ce ina sonki. Aka cika guruf da fuskokin dariya. Wani ya turo nasa, wata ta turo nata, aka mayar da abin gasa. Na rubuta "Don Allah a kiyaye", ba wanda ya kula ni. Ina da ikon goge su duka, amma duk lokacin da na ɗora yatsa sai in tuna maganar Madam, in janye. Na ce a raina ai bai sani ba, abin da mutum bai ji ba ba ya yi masa ciwo.

Ranar Alhamis na farka ban ga saƙonsa ba. Kullum shi ke fara tashina: "Kin tashi lafiya? Kin karya?" Ranar shiru. Na ce ƙila aiki ne. Na rubuta masa barka da safiya, na ga ya karanta, bai amsa ba.

Ina cikin wannan sai ga saƙo a gefe daga Sarauniyar Turare, wata tsohuwar 'yar guruf mai idon tsiya.

"Admin, ba gulma ba, amma wutsiyar linkin mai tambayar jiya kamar na santa fa. Ba irin taki ba ce?"

Na koma sama da sauri ina ture ɗaruruwan saƙonni. Ga ta nan a ƙasan tambayar, wutsiyata, ɓaro-ɓaro. Na rubuta mata wai kuskure ne, mai tambayar ba ta turo nata ba shi ya sa na saka nawa. Ta turo fuskar nan mai rufe baki da hannu, ta ce, "Allah sarki, to Allah ya zaɓa mata mafi alheri." Na san ba ta yarda ba.

Sai kuma wani abu ya faɗo mini a rai. Lokacin da aka ba ni guruf ɗin, Madam ta ce sai ya kai mutum ɗari uku kafin a lissafa shi. Duk mai wannan sana'a ya san abin da muke yi in adadi bai cika ba: 'yan'uwa, ƙawaye, maƙwabta, duk lambar da ke wayarka sai ka zuba, ka ce musu su kashe ƙarar kawai. Na buɗe sunayen 'yan guruf ina addu'a, ina saukowa a hankali. Ga shi nan. Kwastoma. Ni na saka shi da hannuna wata shida da suka wuce, na manta.

Na danna tambayar na duba waɗanda suka karanta. Yana ciki. Na duba saƙon Oga Kamasho, waɗanda suka saurara. Yana ciki. Na duba na biyu, na uku. Duk ya saurara, ɗaya bayan ɗaya.

Innalillahi. Na shiga uku.

Na kira shi, na san ba zai ɗauka ba, bai kuwa ɗauka ba. Na rubuta "Don Allah ka bari in yi maka bayani", na goge. Wane bayani? Na rubuta "Ba ni ba ce", na goge, don mutumin da ya sayi buta uku ta linki ɗaya ba za a yi masa ƙarya a kan wutsiya ba. A ƙarshe na tura "Kana lafiya?" kamar wata sakara. Ya karanta, shiru.

Na gaya wa Madam zan goge tambayar don ta jawo rigima. Nan take ta kira.

"Kar ki kuskura! Kin san yawan danna linkin da aka yi daga jiya zuwa yau? Har na nuna wa manya guruf ɗinki a matsayin misali. Rigima ai ita ce kasuwa."

Ban goge ba. Ku rubuta wannan ma a cikin laifina.

Juma'a ta zo ban gaya wa kowa komai ba. Umma ta sa aka sauke labulen falo aka ɗaura sabo mai ruwan zuma, aka fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai da babban baƙo. Abba ya dawo daga aiki da wuri, ya yi wanka, ya zauna a kujerarsa yana duba agogo yana yi kamar jarida yake karantawa. Yaya ta iso da jakarta, wai ta zo taya aiki, ta zauna tana cin gyaɗar baƙo. Ni kuma na saka doguwar rigata mai ruwan toka, wadda ya taɓa rubuta mini cewa ta yi mini kyau, na ɗaura ɗankwali ya ƙi zama, na kwance na sake sau ba adadi. Jan bakin ma a karkace ya fito.

Umma ta leƙo ta dube ni sama da ƙasa.

"Lafiya kike zufa haka? Ya ce ya taso?"

"Yana hanya," na ce, ban san ko yana hanya ko yana shagonsa ba.

Tana fita na ɗauki waya na buɗe guruf, har lokacin ana ta ja-in-ja a kan maganar. Sai idona ya kai sama, inda ake nuna mai rubutu. Na karanta, na murza ido, na sake karantawa. "Kwastoma yana ɗaukar murya."

Mutumin da bai taɓa tura wa ko mahaifiyarsa saƙon murya ba. Rubutun ya ɓace, ya dawo, ya ɓace, ya dawo. Ni dai ina tsaye a tsakar ɗaki da takalmi ƙafa ɗaya. Can sai ga shi ya shigo, dogo, ya fi minti uku. Na kara a kunne.

Ba zan rubuta muku shi yadda ya fito ba, kwaikwayon da aka yi masa ya isa. Ku dai sani kowace kalma sai da ya yi kokawa da ita, kuma ina jin numfashinsa. Ga abin da ya ce:

"Assalamu alaikum. Ni ne mutumin da kuke magana a kansa tun Laraba. Na saurari masu kwaikwayona. Wasu sun iya, wasu ba su kai ni ba. Ban riƙe ku ba, na saba tun ina yaro. Wutsiyar linkin nan na haddace ta kamar lambar wayata. Mai linkin ta ce mini sirrina yana wurinta, ashe wurin nata yana da faɗi. Ta tambayi mutum ɗari uku ko za ta iya zama da ni, ni ba ta tambaye ni ba. Tunda a nan ta yi tambaya, a nan nake son amsa. Ba taku ba, tata, kuma da bakinta. In ta ce in shiga, zan shiga in gaida mahaifinta ko da zan wuni ina sallama. In ta ce a'a, in juya, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

A bayan muryarsa ina jin ƙarar injin walda na maƙwabcinmu da haushin karen gidan da ke kallon namu. A ƙofar gidanmu ya ɗauki saƙon.

Mutum sama da ɗari sun saurara, ba wanda ya ce uffan, har Oga Kamasho. Madam ce kawai ta turo mini a gefe: "Ke ce?? Ki amsa a guruf, kar ki amsa a ɓoye!" Ban gama karantawa ba aka banko ƙofar ɗakina. Yaya ce, waya a hannu, ido waje. Ashe ita ma tana cikin waɗanda na cika adadi da su.

"Auta! Ke kika kai bawan Allah nan kasuwa? Ni da nake kushe shi ma a kicin na tsaya!"

Umma na bayanta tana tambaya, "Wace kasuwa? Me ya faru? Ga babur can a ƙofar gida tun ɗazu, mai shi ya ƙi shigowa." Daga falo Abba ya ɗaga murya, "Wai baƙon nan ya iso ne ko bai iso ba?"

Amsata ina da ita. A lokacin nan na san ta sarai, ba sauran kokwanto ko ɗaya: ka shigo, ka yafe mini, kai nake so. Ni da nake tura saƙon murya ashirin a rana ina tallan tukunya da agogo ba tare da na yi tuntuɓe ba, wannan ai ba komai ba ne. Na danna alamar ɗaukar murya na kai wayar bakina. Umma na kallona, Yaya na kallona, sai kuka ya ƙwace mini.

"Ni... ni... ni... ka... ka..."

Iyakar abin da ya fito ke nan. Hannuna ya jiƙe da zufa, yatsana ya zame, saƙon ya tafi guruf a haka. Kafin in lalubo wurin gogewa na ga ya saurara. Sai Sarauniyar Turare ta rubuto a ƙasa:

"Haba Admin. Ke ma kwaikwayonsa kike yi?"

Na ji an tayar da babur a ƙofar gida. Na yar da wayar a kan gado, na ture Yaya, na ratsa falo a guje ta gaban Abba, ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya.